Kuɗin Marigayi Suna Nan, Mabuɗin Ne Babu

'Yan uwa na nan Sabo, Ibadan, da na sauran garuruwan da wannan shafi yake kaiwa.

Shugabannin ƙungiya sun ɗora wa ofishin sakatare alhakin yin bayani a kan shawarar da aka yanke a taron wata game da kuɗin asusu da kirifto, saboda waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma waɗanda suka halarta amma suka tashi ransu a ɓace. Mun ga idan muka kawo shawarar tsurarta ba za a gane dalilinta ba, sai an san abin da ya kai mu gare ta. Don haka za mu faro daga rasuwar da ta girgiza mu bara. Mun nemi izinin iyalan marigayin kafin mu rubuta, sun amince, bisa sharaɗin ba za mu ambaci suna ba.

Matashi ne da bai cika shekara 35 ba. Ya taso a gabanmu, ya fara da riƙe wa wani ɗan canji jaka a bakin titi, daga baya ya buɗe shagon wayoyi yana sarin kaya daga Legas, har ya kai yana yin oda kai tsaye daga ƙasar waje. Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota tsakanin Oyo da Ogbomosho, yana hanyar tafiya gida hutun Sallah. Ya bar mahaifiya, da mata, da 'ya'ya uku. Wayarsa ba a same ta ba a wurin hatsarin.

Bayan an yi bakwai, yayansa ya sauko daga Arewa domin a tattara abin da ya bari. Wannan aiki ne da muka saba. Aka ƙirga kayan shago, aka rubuta waɗanda yake bi bashi da waɗanda suke binsa, aka je banki da takardu. Da aka haɗa lissafi sai aka ga abin bai kai yadda kowa yake zato ba. Muna zaune a shagon sai wani abokinsa na kusa ya matso kusa da shugabanmu ya ce, "Baba Alhaji, ai jarinsa ba a shago yake ba, ba kuma a banki ba. A waya yake."

Ashe marigayin ya daɗe yana mayar da cinikinsa zuwa USDT, wato kirifton nan da aka ɗaure farashinsa da dalar Amurka, domin da shi yake biyan masu turo masa kaya. Abokin ya ce wuri biyu yake ajiya. Wani kaso yana wurin wani kamfanin musayar kirifto, inda ya yi rajista da sunansa da katinsa kamar yadda ake buɗe asusun banki. Wannan mun sha wahalarsa, an nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu, an ɗauki watanni ana aika saƙo ana jiran amsa, amma daga ƙarshe an sako kuɗin, sun shiga rabon gado. Kaso mafi tsoka kuwa yana cikin walet ɗinsa, wato lalitar da mutum yake riƙe wa kansa ba tare da wani kamfani a tsakani ba.

Abokin ya taɓa tura masa kuɗi, don haka yana da adireshin lalitar. Ya buɗe wani shafi a wayarsa, ya liƙa adireshin, sai ga adadin kuɗin ya fito ɓaro-ɓaro, da ranar da kowane ya shiga. Yayan marigayin ya leƙa ya ce, "Alhamdulillahi, to ga su nan, a ciro mana." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, gani kawai za mu iya yi. Sai da kalmomi 12 da aka ba shi ranar da ya buɗe lalitar." Aka tambaye shi wane ofishi za a je, ya ce babu ofishi. Aka ce to a kai maganar kotu, ya ce ko alƙali ya yanke hukunci babu wanda zai aika wa takardar. Shugabanmu ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wato kuɗi ne da ba su da maigida."

An bincike shago, an zazzage akwatuna, an duba littattafan bashi shafi bayan shafi, matarsa ta duba har aljihun tsofaffin rigunansa. Har ranar da muke wannan rubutu ba a ga takardar ba.

Wannan abu ne ya sa muka zauna da samarinmu muka ce su koya mana, domin mun gane cewa jahiltar abin ba ta hana shi shigowa gidajenmu ba. Ga abin da muka fahimta, a taƙaice.

A ƙarshen watan Oktoba na 2008 wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da bayanin wani tsarin kuɗi da za a riƙa turawa daga hannu zuwa hannu ta intanet ba tare da banki ba. A watan Janairu na 2009 tsarin ya fara aiki, shi ne Bitcoin. Dabarar ita ce littafin lissafi guda, wanda ake kira bulokcen, amma maimakon ya zauna a durowar manaja, dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowace tana riƙe da kwafinsa. Kusan duk minti 10 ana ƙara sabon shafi, kuma kowane shafi yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, ta yadda duk wanda ya goge wani abu a baya sai an gane, domin kwafinsa zai saɓa da na sauran. Wannan littafi a buɗe yake ga kowa, shi ya sa muka iya ganin kuɗin marigayin. Sauran kirifto irin su USDT da suka zo daga baya, su ma a kan irin wannan littafi suke tafiya.

Abin da littafin bai sani ba shi ne sunan mutum. Bai san fuska ba, bai san magaji ba. Mabuɗi kawai ya sani. Kalmomin nan 12 su ne mabuɗin, kuma ana zaɓo su ne daga jerin kalmomi 2,048. Mun tambaya ko ba za a sa kwamfuta ta yi ta gwadawa ba har ta dace. Aka ce mana yawan hanyoyin da za a iya jera su adadi ne mai lambobi 39, ko an haɗa kwamfutocin duniya gaba ɗaya ba za su gama ba. Wannan ƙarfi shi ne yake hana ɓarawo, kuma shi ne ya hana marayu. Wanda ya riƙe kalmomin shi ne mai kuɗin, ko da sato su ya yi. Wanda ya rasa su ya rasa kuɗin, ko da shi ya yi gumin tara su.

Maganar da Baba Alhaji ya yi ta maigida ba a banza ya yi ta ba. Tun da aka kafa Sabo a 1916, kasuwancinmu a kan maigida ya tsaya. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka a gidan maigida, dillalin maigida ya sayar wa mahauta bashi, idan mahauci ya ƙi biya maigida ne zai tsaya. Mai goro ya bar kuɗinsa ajiya ya tafi, ya dawo bayan watanni ya tarar da su. Idan ya rasu a hanya, maigida ya san garinsu, ya san 'yan uwansa, zai aika a zo a karɓa. Ba mu ce ba a taɓa cin amana a wannan tsari ba, an ci, kuma dattawa sun san labarai. Amma akwai ƙofar da za a je a yi sallama, akwai fadar da za a kai ƙara, akwai kunyar da mutum zai ji a masallaci. Masu ƙirƙirar Bitcoin sun zauna ne takanas domin su cire irin wannan mutum daga tsakani, saboda sun gaji da bankunan da suke wasa da kuɗin mutane. Sun kuwa cire shi. Abin da mu ba mu lura da shi ba shi ne, aikin da yake yi bai tafi tare da shi ba, ya dawo wuyan mai kuɗin. Kai ne mai ajiya, kai ne mai gadi, kai ne kuma wanda zai sanar da magada.

Muna cikin wannan jimami ne maganar asusun ƙungiya ta taso. Kowa ya san abin da ake yi da asusun nan: likkafani da haƙar kabari, kai marar lafiya asibiti cikin dare, kuɗin mota ga wanda ya zo neman abinci abin ya gagara, da ɗan tallafin azumi ga zawarawa. Ma'aji ya karanta lissafi, adadin ya ƙaru a takarda, amma da aka auna shi da abin da zai iya saye sai aka ga ya rame. Sai wasu daga cikin samari suka kawo shawarar a mayar da rabin asusun zuwa USDT.

Gaskiya hujjarsu tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi musu ihu kamar yadda wasu suka yi ba. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na wannan shekara, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Litar man fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayu 2023, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mu da muke zaune a unguwar 'yan canji ba sai an karanta mana wannan a jarida ba. Sannan kowa yana tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum yana da kuɗi a banki amma sai ya sayi naira da naira a wurin mai POS. Wani saurayi ya miƙe ya ce, "Iyayenmu, kuna tsoron kada kuɗin su ɓace a waya, alhali ga su suna ɓacewa a banki muna kallo." Babu wanda ya iya ce masa ƙarya yake yi.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kakanninmu da wuri suke ciniki, ana kawo shi daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya, kuma wahalar kawo shi ce take riƙe masa daraja. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya sauka a Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar da dalar azurfa guda. A wannan zamanin ne 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar suna sauke shi a Legas jirgi bayan jirgi. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ta kai kuɗin dakon keso zuwa wani gari mai nisa yana cinye kaso mai yawa na abin da ke cikinsa. Wanda ya tara wuri a ɗaki bai yi wa kowa laifi ba, amma ya wayi gari da tarin abin da ba ya saye. Duk kuɗin da wani zai iya ƙara yawansu yadda ya ga dama, haka ƙarshensu yake.

Amsar da Bitcoin ya bayar ita ce ƙayyade adadi. Ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, kuma kusan duk shekara huɗu ana raba ladan masu haƙarsa biyu: ya fara da 50 a kowane shafi, a watan Afrilu na 2024 ya sauko 3.125. Sai dai ƙarancin abu bai hana farashinsa hawa da sauka ba. A watan Nuwamba na 2021 ya kai kusan dala 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 16,000, sannan a Disamba na 2024 ya haura 100,000. Ɗan kasuwar da ya sa rarar kuɗinsa zai iya jira. Asusun jana'iza ba ya jira, domin ranar da aka yi rasuwa ranar ake buƙatarsa.

Samari suka ce ai shi ya sa suka ce USDT, ba Bitcoin ba. A nan ma mun yi tambaya. USDT wani kamfani ne mai suna Tether yake fitar da shi tun 2014, bisa alƙawarin cewa kowane guda akwai kadarar dala ɗaya a ajiye a madadinsa. Ke nan shi yana da maigida, sai dai maigidan da ba mu san ƙofar gidansa ba. Yana iya daskarar da kuɗin wani adireshi idan hukuma ta nema, kuma a 2021 wata hukumar Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 41 saboda bayanan da ya yi a kan ajiyarsa ba su cika daidai ba. Har yanzu yana tsaye, miliyoyin mutane suna amfani da shi. Amma akwai wani makamancinsa mai suna UST, wanda shi ma aka ce ba zai rabu da dala ba, a watan Mayu na 2022 ya rushe cikin 'yan kwanaki ya koma ba a bakin komai ba.

Sai muka zo kan babbar tambayar: idan an saya, a ina za a ajiye, kuma wa zai riƙe? Idan a wurin kamfanin musaya ne, tarihi yana da abin faɗa. Mt. Gox na Japan ya rufe a 2014 bayan ɓacewar Bitcoin kusan 850,000. FTX ya durƙushe a Nuwamba na 2022, mai shi Sam Bankman-Fried yana zaman ɗaurin shekara 25. A Fabrairu na 2025 an kwashe wa Bybit kirifto na kusan dala biliyan 1.5, hukumar FBI ta ce 'yan kutsen Koriya ta Arewa ne. Abin lura a wannan sata shi ne ba littafin suka fasa ba. Sun sauya abin da masu sa hannu suke gani a allon kwamfuta, mutanen suka amince da hannunsu suna zaton aikin yau da kullum ne. Idan an iya yaudarar ƙwararrun da wannan ne aikinsu, ina ga ma'ajinmu? A banki kuwa, duk da laifuffukansa, akwai NDIC, wadda tun 2024 take tsaya wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, kuma an ga ta biya mutane bayan an soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na 2024. Kirifto ba shi da irin wannan inshora.

Idan kuma a lalitar kanmu za a ajiye, to duk wanda ya ga kalmomin 12 ya mallaki asusun shi kaɗai. A banki mutum uku ne suke sa hannu kafin a fitar da ko sisi. Samari sun ce akwai lalitar da sai mutum biyu cikin uku sun amince take buɗewa, kuma gaskiya ne akwai ta. Muka tambaya mutum nawa ne a ɗakin suka taɓa amfani da irinta. Babu hannun da ya tashi.

Akwai kuma masu fakewa da sunan kirifto alhali ba shi suke yi ba. Waɗanda suka manyanta suna tuna MMM, mai alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, wanda ya rufe asusun mutane a Disamba na 2016. Duk wanda yake garin nan kuma ya ji labarin CBEX a watan Afrilu na 2025, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, har fusatattun mutane suka afka wa ofishinsa da ke Oke-Ado. Lissafi kaɗan ya isa ya tona asirin irin wannan alƙawari. Naira 100,000 idan tana ninkawa duk wata, a shekara guda ta zama miliyan 409 da 'yan kai, a shekara biyu ta haura tiriliyan 1.6. Wace sana'a ce a duniya take haifar da wannan? Kuɗin na baya ake biyan na gaba da su, ranar da sababbi suka daina shigowa ranar ake rufe shago. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta ɓangaren doka, abin ya sha sauyawa. A Fabrairu na 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, a Disamba na 2023 ya janye. A farkon 2024 gwamnati ta saka ƙafar wando ɗaya da Binance, har kamfanin ya daina hada-hada da naira. A Maris na 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kirifto a ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya irin wancan adashin na yaudara. Ta ɓangaren addini kuwa malamai sun saɓa. Babban Muftin Masar ya haramta, majalisar malaman Indonesiya ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, amma majalisar shari'a ta hukumar hannun jarin Malesiya ta halatta cinikinsa a 2020. Mu ba malamai ba ne, kowa ya koma wurin malamin da ya natsu da shi. Abin da muka sani shi ne kuɗin asusu na mutane da yawa ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda zuciyarsu ba za ta kwanta ba.

Yanzu bari mu faɗi laifinmu, mu shugabanni, domin shi ne ya fi damunmu. A 2024, lokacin da yara suka duƙufa suna dannar waya dare da rana da sunan mainin, irin su Notcoin da Hamster Kombat, mun mayar da su abin dariya a majalisa. Duk wanda aka ji kalmar kirifto a bakinsa sai a ce ɗan caca ne, ko a ce ya fara yahu. Ba mu bambance mai dannar waya da mai ajiyar jarinsa ba, ba mu bambance mai biyan kuɗin kaya da mai jiran a ninka masa ba. Bayan an watse daga shagon marigayin, abokin nan nasa ya biyo mu har bakin masallaci ya ce, "Malam Sakatare, akwai abin da ban faɗa a gaban mutane ba. Ya taɓa ce min zai rubuta kalmomin ya rufe a ambulan ya kai wa Baba Alhaji ajiya. Sai ya ji irin abin da ake faɗa a majalisa, ya ce bari dai sai wani lokaci." Ba mu san ko da ya kai ɗin ba. Amma mun san bakinmu yana cikin abin da ya sa ya ɓoye, kuma 'ya'ya uku ne suke biyan kuɗin wannan dariya.

Ga abin da taro ya tsayar.

Na farko, kuɗin asusu ba za su shiga kirifto ba. Za su ci gaba da zama a banki da sa hannun mutum uku. Amma saboda kukan samari gaskiya ne, ba za a ƙara barin su jibge suna ramewa ba. Za a sayi yadin likkafani da yawa a ajiye, za a sayi hatsin tallafin azumi tun da kaka, kuma za a riƙa duba kuɗin wata duk bayan wata shida a daidaita shi da tsadar kaya.

Na biyu, duk ɗan ƙungiyar da yake da kirifto ya rubuta kalmominsa da biro a takarda, kwafi biyu, ya ajiye a wurare biyu daban, ya sanar da mutum ɗaya da ya amince da shi inda takardar take. Kada a ɗauke su hoto, kada a tura su ta WhatsApp, kada a rubuta su a wani shafin da ya ce zai gyara maka lalita ko zai ba ka kyauta. Ofishin sakatare zai buɗe littafi, amma abin da za a rubuta a ciki kawai shi ne wane yana da ajiya, kuma wane ne ya san wurin takardar. Ƙungiya ba za ta karɓi kalmomin kowa ba. Ko sakatare ne ya tambaye ka su, ka hana shi. Addininmu da ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi, ya kuma kwaɗaitar da rubuta wasiyya, bai bar mana uzuri a wannan ba.

Na uku, masu sayar da USDT hannu da hannu su karɓi naira daga asusun da yake ɗauke da sunan mai sayen kawai. Mun riga mun yi zirga-zirgar wani ɗan uwa da aka rufe wa asusun banki na tsawon watanni, saboda kuɗin da aka biya shi da su ashe na damfara ne, shi bai sani ba.

Na huɗu, ba a yarda kowa ya saka tallar wani dandalin ninka kuɗi ko mahaɗar gayyata a wannan shafi ko a zauren ƙungiya ba. Wanda ya saka za a goge, idan ya maimaita a cire shi.

Na biyar, duk Asabar ɗin farko ta wata bayan la'asar, samarin da suka san abin za su zauna da duk mai son ya koya, babba ko yaro, namiji ko mace, a yi tambaya ba tare da gori ba. Masu ganin abin haramun ne su ma su zo, domin ko don ranar rabon gado ya kamata mutum ya san abin da ɗansa yake riƙe da shi.

Ga samarin da suka fita taro ransu a ɓace, muna ba ku haƙuri. Ba a ƙi shawararku don an raina ku ba, kuma ƙofa ba ta rufe ba. Ranar da muka samu mutum uku amintattu da suka ƙware a lalitar haɗin gwiwa, malamanmu kuma suka natsu, a sake kawo maganar a duba.

Matar marigayin ta koma gida bayan ta gama takaba. Kwanakin baya ta kira ta ce ta sake zazzage wata jakar littattafansa da aka manta da ita, ba ta ga komai ba. Abokinsa yakan buɗe shafin lokaci zuwa lokaci, kuɗin suna nan yadda ya bar su, ko ɗaya bai motsa ba. Muna roƙon duk wanda marigayin ya taɓa ba wa ajiyar ambulan, ko littafi, ko wata 'yar takarda mai kalmomin Turanci da ba su da ma'ana a jere, kada ya yar, kada kuma ya nuna wa kowa. Ya kai wa shugaban ƙungiya hannu da hannu, a gaban shaidu biyu.

Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari, ya sa mu cika da imani. Wassalam.

Daga ofishin Sakatare.